Littafin arba'in na Baba Lauya

Baba Tsoho ya cika bayan sallar asuba, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta. Haka muka saba a Zongo: takardar likita, takardar izinin binnewa, wanka, likkafani, salla, sai a kai mutum gidansa na gaskiya tun rana ba ta faɗi ba. Sai dai kakan nawa, wanda duk unguwar Nima da ke Accra ke kira Baba Lauya, ba na Zongo kaɗai ba ne. Washegari waya ta hana mu sakat. Lauyoyi na tambaya a wane asibiti aka ajiye gawa, tsofaffin sojoji na tambaya wace Asabar aka tsayar, wani dattijo da suka yi jami'ar Legon tare har yana cewa a ware masa minti goma zai yi jawabi a gaban akwati. Ba laifinsu ba ne. A Accra, in babban mutum ya rasu a gidan ƙabilar Ga ko Akan, gawa kan yi wata biyu ko uku a firji ana shiri, a ɗinka yayi, a buga littafi mai hotuna. Da aka ce musu ai tun jiya aka rufe shi, wasu sun ɗauka raini ne.

Saboda haka ranar addu'ar uku, bayan an watse, Kawu Babba ya tara mu a falo. Shawararsa ita ce ranar arba'in a gayyato waɗannan mutane su yi nasu ban kwana, a kuma buga ɗan littafin tarihinsa a raba. Kawu Ƙarami, wanda ya yi karatu a Madina, ya ce shi ko arba'in ɗin ma bai ga asalinta ba, balle littafi irin na coci. Aka yi ta ja har muryoyi suka fara tashi. Limamin unguwa ne ya raba gardama. Ya ce rubuta tarihin mamaci ba baƙon abu ba ne a Musulunci, magabata sun cika littattafai da shi, abin da aka hana shi ne ƙarya da fahariya. Ya gindaya sharaɗi: kada a rubuta abin da ba a tabbatar ba, kada a ci bashi don buga shi, shafin farko kuma ya zama roƙon addu'a. Kawu Ƙarami bai sauka daga ra'ayinsa kan arba'in ba, amma ya ce zai duba rubutun kafin a kai maɗaba'a.

Sai Kawu Babba ya waiwayo ya ce, "Ke malama, ke ce amaryarsa, ke ya fi yi wa hira. Aikinki ne." Jika ba ta musu da kawunta a gaban liman, sai na ce to.

Na fara da adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa. Makullin na hannun Hajiya, ita kuma tana takaba, don haka a ɗakinta na shimfiɗa tabarma na riƙa fito da takardu tana kallo. Mutum ne mai ajiya, har rasidin kuɗin ruwa na zamanin mulkin Acheampong yana nan. Amma bai jera komai don wani ya karanta ba. Takardar sallama daga soja tana naɗe cikin tsohuwar kalanda, takardar digiri tana ƙarƙashin hular gashin nan ta lauyoyi wadda asu ya fara ci, lambobin yabo na yaƙi kuwa suna cikin gwangwanin Milo tare da maɓallai. Na kasa takardun kashi-kashi, na soja daban, na karatu daban, na kotu daban, na gida daban. Duk wadda na buɗe sai na ɗauki hotonta da waya nan take, domin wasu ana buɗe su suke rabewa a kan lanƙwasa.

Tun a layin farko na cije, wato shekarar haihuwa. Takardar soja ta ce 1922. Fasfo da takardun jami'a sun ce 1928. Mai sanarwa a masallaci kuwa ranar jana'iza ya ba shi shekara 110, ba wanda ya ce masa uffan. Wanda ya taɓa bin takardun tsofaffinmu ya san dalili: yaro kan ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja, in ya zo neman makaranta ko aikin gwamnati kuma ya rage. Ba a yi masa takardar haihuwa ba. Ƙanwarsa da ke Aboabo a Kumasi, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ita ta fitar da ni. Ta ce mahaifiyarsu ta sha ba su labari cewa tana jegonsa, ko arba'in ba ta yi ba, gari ya ɗauka Prempeh ya dawo, kowa ya fita tarye, ita aka hana ta. Sarkin Asante Prempeh na Farko, wanda Turawa suka kama a 1896 daga baya suka kai shi tsibirin Seychelles, ya dawo Kumasi ne a watan Nuwamban 1924. Gwaggo ba ta san lambar shekarar ba, kuma ba abin da za ta samu in ta ƙara ko ta rage, shi ya sa na fifita maganarta a kan takardun biyu masu hatimi. Na rubuta 1924. Da wannan lissafi ya yi shekara 98 a ƙidayar boko, a ƙidayar Musulunci kuwa ya haura ɗari, tunda shekara 32 ta rana kusan daidai take da 33 ta wata. Na sa duka biyun, masu son a ce ya cika ɗari suka samu nasu ba tare da an yi ƙarya ba.

Daga nan na ɗauki takardar sallamar na nufi ofishin hukumar kula da tsofaffin sojoji, VAG. Wani tsohon samanja ɗan Bolgatanga ne ya karɓe ni. Yana ganin lambar da ta fara da GC ya miƙe ya ƙame, sannan ya juya zuwa Hausar bariki. "Yarinya, wannan naku ɗan Bama ne. Irinsu sun kusa ƙarewa." Shi ya zauna ya koya mini karanta takardar layi-layi. Baba yana cikin birged ta 5 ta Gold Coast, ƙarƙashin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta isa Indiya a 1943 ta shiga kwarin kogin Kaladan a ƙasar Bama. Wurin ba hanyar mota, abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu, sauran kaya kuma a ka ake ɗauka cikin daji da tsaunuka. A watan Janairun 1945 suka haɗu da runduna ta 82 suka ƙwace Myohaung daga hannun Japanawa. Wajen mutum 65,000 ne ƙasar nan ta ba da a yaƙin, da yawansu 'yan Arewa ne da 'yan Zongo. Tun zamanin dakarun Hausa na Baturen nan Glover a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 Hausa ce harshen bariki, taken rundunar ma da ita aka rubuta shi, Kullum Shiri.

Tun ina yarinya nake jin yaran mota na kiran Burma Camp a tashar 37, na kuma san akwai barikin Myohaung a Takoradi da na Kaladan a Tamale. A wurina sunayen tasha ne kawai. Sai ga su a takardar kakana a matsayin wuraren da ya kwana cikin ruwan sama.

Abin da ya fi tsaya mini a takardun sojan ba yaƙin ba ne. A shafin shiga, 1943, dangwalen babban yatsa ne a wurin sa hannu. A shafin sallama, 1946, ga sunansa ya rubuta da kansa, baƙaƙen a tsaye ƙyam irin na sabon koyo. Mahaifinsa fataken goro ne, ya sa shi makarantar allo ya hana shi ta boko, don a lokacin ta boko ta 'yan mishan ce. A bariki ya koyi abacada. Waɗannan shafuka biyu na sa aka buga gefe da gefe a littafin, ban ƙara musu bayani ba.

Mu jikoki labarin Bama da muka sani na ban dariya ne: matsattsaku da ke shiga takalmi, shinkafar da ba ta dahuwa, wani Bature da biri ya sace wa hula. Hajiya ta san wani. Ta ce har tsufansa in aka yi ruwa mai ƙarfi da dare ba ya barci, sai ya zauna bakin gado yana jan carbi yana kiran sunayen wasu mutane da ba ta taɓa gani ba. Na ce, "Hajiya, in rubuta?" Ta ce, "Ki rubuta ba ya barci. Abin da ya faɗa mini kuwa nawa ne."

Gardama ta biyu a kan 28 ga Fabrairun 1948 aka yi ta. Ranar ce tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna Gerald Creasy takardar koke a fadar Christiansborg da ke Osu, kan haƙƙoƙinsu da ayyukan da aka yi musu alkawari ba a cika ba. 'Yan sanda suka tare su a mararraba, Sufuritanda Imray ya buɗe wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi. Tarzomar da ta biyo baya ita ta jawo kama shugabanni shida, ciki har da Nkrumah da Danquah, da kwamitin binciken Watson, har abin ya kai ga 'yancin kai a 1957. A gidanmu an daɗe ana cewa Baba yana kafaɗa da kafaɗa da Saje Adjetey lokacin da aka harbe shi. Na lura kusan duk gidan da ke da tsohon soja haka suke cewa, in da gaske ne da sahun gaban nan ya kai daga Osu har Teshie. Shi da bakinsa ya gaya mini yana can baya, ƙarar bindiga kawai ya ji, ya ga mutane sun juyo da gudu shi ma ya bi su, bai tsaya ba sai Sabon Zongo inda yake kwana a lokacin. Kawu Babba ya so a sa "a sahun gaba". Kawu Ƙarami ya ce in aka sa shi zai tashi a gaban jama'a ya ƙaryata. Aka rubuta cewa yana cikin jerin.

Shekarun da ke tsakanin sallama da jami'a su suka fi ƙarancin takarda, amma abin da ke akwai ya isa. Ya samu aikin tafinta a kotu a Kumasi, yana juya Hausa da Twi zuwa Ingilishi. Na tarar da ambulan masu kan sarki na Ingila daga wata makarantar koyarwa ta wasiƙa a Oxford, da katin ajin yamma na sashen karatun manya da jami'a ta buɗe a garuruwa. Da waɗannan ya ci jarrabawar Landan yana da mata da 'ya'ya uku. A cikin kashin nan kuma na sami tsofaffin yankan jarida na 1957 kan Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zongon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan, jagororin jam'iyyar Musulmi ta MAP, waɗanda gwamnati ta ba da umarnin korarsu zuwa Najeriya. Sun garzaya kotu suka ce 'yan ƙasa ne, a nan aka haife su, amma kafin kotu ta yanke hukunci majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu aka fitar da su. Gwaggo ta ce tun daga lokacin ya fara cewa ya gaji da faɗin maganar wani a kotu, yana son ya faɗi tasa.

Legon ba ta ba ni wahala ba, don jami'a na son rubutu. Wasiƙar ɗaukarsa tana ɗauke da sunan Kwalejin Jami'a ta Ghana, takardar digirinsa kuma Jami'ar Ghana, har na yi zaton makarantu biyu ya yi. Wani ma'aikaci a ɗakin karatu na Balme ya warware mini: an kafa ta a 1948 da sunan Kwalejin Jami'a ta Gold Coast, ta fara zama a Achimota ƙarƙashin Jami'ar Landan, sunan ya sauya da samun 'yanci, sai a 1961 ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Yana tsakiyar karatu aka yi sauyin. Koyar da shari'a a can a 1959 aka fara, shekara guda bayan buɗe makarantar horar da lauyoyi da ke Makola. Kafin nan duk mai son zama lauya sai ya haye jirgin ruwa zuwa Landan, abin da tafinta mai iyali ba zai ko yi mafarkinsa ba. Na ga sunansa a jerin waɗanda suka kammala, an rubuta shi yadda Bature ya ji, ba yadda soja suka rubuta ba, ba kuma yadda muke faɗa ba.

Dattijon nan mai neman minti goma shi ya cike mini sauran. A gidansa da ke Adenta ya karɓe ni, ya ce a gidan kwanan ɗalibai na Commonwealth suka zauna, kuma kowa Saje yake kiransa don ya girme su da fiye da shekara goma. Ya ce da azumi kuku kan ajiye masa abinci ya rufe da faranti har magariba, shi kuma in rikici ya tashi tsakanin samari shi ake kira ya tsawata. Ya yi ta ba ni labari har da waƙoƙin da suke yi, waɗanda ba za su shiga littafin da liman zai riƙe ba.

Wajen lauyoyi wata 'yar Maamobi da ta yi koyon aiki a ofishinsa ta shige mini gaba. Ita ta tabbatar mini da shekarar da aka shigar da shi rajistar lauyoyi, ta ce kada in yi wasa da ita, domin a wurinsu girma ba na furfura ba ne, na shekarar shiga ne, da ita ake sanin wanda zai fara miƙewa a gaban alƙali. Ta binciko sunansa cikin kundayen Ghana Law Reports, ta same shi a 'yan shari'u kaɗan, kusan duk na fili da haya da gado. Ba lauyan manyan kamfanoni ba ne, bai zama alƙali ba, bai tara dukiya ba. Ta ce duk 30 ga Yuni, ranar da lauyoyi ke tunawa da alƙalai uku da tsohon hafsan soja da aka sace aka kashe a 1982, yakan sa baƙar kwat da jar dara ya je, ko da a coci ake taron, ya zauna a kujerar baya.

Da na haɗa waɗannan na ga na sami soja, na sami ɗalibi, na sami lauya, kowanne da hatiminsa, amma ban sami mutumin da ya sa layinmu ya cika maƙil ranar jana'iza ba. Masu sayar da koko da direbobi da mahauta da suka bi gawarsa ba su karanta Ghana Law Reports ba. Da na tambayi Hajiya me ya tara su, sai ta ce, "Je ki tambayi tsofaffi zancen kora."

Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. A takarda baƙi aka ce, a titi kuwa duk mai doguwar riga da hula baƙo ne, ko da kakansa ne ya yi wa Glover yaƙi. Dubun dubatar mutane suka kwashi abin da za su iya ɗauka suka nufi Aflao da sauran iyakoki, aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. Wannan kowa ya sani. Abin da ban sani ba sai da na bi gida-gida a Nima da Maamobi da Sabon Zongo da Sukura shi ne abin da Baba ya yi a makonnin nan. Ya rufe ofishinsa na cikin gari ya kawo keken rubutu zauren gida. Mutane na layi tun asuba. Haihuwa a nan kaɗai ba ta wadatar ba, ana so mutum ya nuna iyaye ko kakanni ma a nan aka haife su, kuma yawancinsu ba su da ko guntuwar takarda. Sai ya riƙa sa a kawo dattawa biyu da suka san asalin gidan, ya yi musu tambayoyi irin na kotu, ya buga takardar rantsuwa, ya raka su a sa hatimi. Wani mahauci a Sukura ya ce mahaifinsa ya kai masa cinyar rago ladan aiki, ya sa aka dafa aka ciyar da masu layi. Wata tsohuwa a Maamobi ta ce mijinta ya zo da shaidun haya, Baba ya yi musu tambaya uku ya gane, ya kore su, ya ce takardar ƙarya ɗaya za ta ɓata na gaskiya ɗari. Mijin nata ya tafi Sakkwato bai dawo ba. Ta faɗa mini haka ba tare da ta yabe shi ba, ba kuma ta zage shi ba. Na rubuta nata kamar yadda na rubuta na mahaucin.

Ba takarda ɗaya ta wannan aiki a adakarsa, duk sun tafi da masu su. Don haka na bi ƙa'idarsa: ba na rubuta labari sai na ji shi daga baki biyu da ba gida ɗaya suke ba. Da yawa sun zube a nan, har da wani mai daɗi na cewa ya mari ɗan sanda a bakin masallaci. Aikin ya zama kamar tsintar tsakuwa a shinkafa, ido ya gaji amma ba dama a ɗaga kai.

A cikin yawon nan ne wani tsohon tela ya tambaye ni, "Littafin hayar fa, yana wurin wa?" Ban san da wani littafin haya ba. Ashe cikin waɗanda suka tafi akwai masu gidaje da suka ƙi sayarwa, suka bar wa Baba amana. Hajiya ta fito da shi daga cikin jakar Alƙur'aninsa, ba a adaka yake ba. Littafi ne mai baƙin bango, an rubuta shi da ajami, lambobin kuma da boko. Kawu Ƙarami ne ya karanta mana. Gida uku ne. Kowane wata an rubuta abin da aka karɓa, abin da aka kashe a gyaran kwano ko masai, da abin da aka aika ta hannun fatake, daga baya ta banki. Biyu an rufe lissafinsu da sa hannun magada. Na ukun yana buɗe, shigarwar ƙarshe watanni kaɗan kafin rasuwarsa, da hannu mai rawa.

Rubutun kansa da dare nake yi bayan na tashi daga makaranta. Harshe biyu muka yi, Ingilishi daga gaba don baƙi, Hausa daga baya don gida, kuma ba fassarar juna ba ne, don abin da lauya ke son sani daban, abin da Gwaggo ke son a karanta mata daban. Kawu Ƙarami ya bi shi da jan biro. Duk inda na sa "gwarzo" ko "babu kamarsa" ya soke, ya ce mamaci addu'a yake bukata ba kirari ba. Na ji haushi a lokacin, amma rubutun ya fi tsayuwa bayan an cire su. Akwai abin da muka bari da gangan. Aurensa na fari ya mutu da ɗaci, 'ya'yan ɗakin suna raye, sai muka sa sunan mahaifiyarsu da nasu a jerin iyali, iyakarta ke nan. Shi ma zancen jam'iyyar da ya yi wa aiki a 1979 mun taƙaita shi a layi ɗaya, don gidan yanzu kowa da jam'iyyarsa, wani mai alamar lema, wani mai alamar giwa.

Maɗaba'a a New Town muka kai, inda masu buga littattafan jana'iza suka yi yawa. Mai wurin ya nuna mini samfura masu furanni da kurciyoyi da ƙyalli, na ce farin bango, suna, shekaru, sai Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shafi 24 ne. Kuɗin jikoki muka haɗa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ba a ci bashi ba. Na tsaya a kansa har ya gyara ƙugiyoyin ɗ da ƙ da ɓ da injinsa ya mayar akwatuna.

Ranar arba'in an rufe layi da rumfuna tun dare. Da safe malamai suka yi saukar Alƙur'ani, aka raba goro da masa. Wajen ƙarfe goma baƙi suka fara isowa: lauyoyi cikin baƙaƙen kwat, tsofaffin ɗaliban Commonwealth da jajayen riguna, tsofaffin sojoji da hulunansu da lambobi a ƙirji. Sojojin sun zo da mai busa begila. Liman ya ce a bari a shafa fatiha tukuna, sannan su koma bakin layi su busa, haka kuwa aka yi, yaran unguwa suka kewaye su. Dattijon Adenta ya samu minti gomansa ya mayar da su ashirin da biyar. Kawu Babba ya karanta ɓangaren Hausa a lasifika, ni ina cikin mata ina bin sa da nawa kwafin. Da ya iso kan 1969 sai tsofaffi suka fara amsawa daga kujerunsu, wannan ya ce "haka aka yi", wancan ya ce "har da babana". Lauyoyin da suka yi shekaru arba'in suna gaisawa da shi a harabar kotu suna ta juya shafi suna neman wurin a ɓangaren Ingilishi. Kawu Ƙarami bai zauna a rumfa ba, amma na hango shi a ƙofar gida yana miƙa wa mutane littafin.

Kwafin bai isa ba, sai muka sa shi a WhatsApp. Na kai ɗaya ofishin tsofaffin sojoji, ɗaya ga lauyar Maamobi don ƙungiyarsu, ɗaya Legon.

Bayan mako guda aka buɗe wasiyyarsa. Ya rubuta ta bisa dokar wasiyya ta 1971 da shaidu biyu, ya ce a raba abin da ya bari yadda Musulunci ya tsara, don ya san in mutum ya mutu bai bar wasiyya ba dokar gado ta 1985 ce za ta yi aiki, rabonta kuma daban ne da na malamai. A sakin layi na ƙarshe ya ambaci gida na ukun, ya ce ba nasa ba ne, kada a sa shi cikin gado, kuɗin hayarsa yana wani asusu dabam. Adireshin da ke cikin littafin na wata unguwa ce a Zariya, wasiƙar ƙarshe da ta zo daga can kuma tun zamanin Rawlings ce. Lauyar ta ce kotu za ta tabbatar da wasiyyar ko an samu magadan ko ba a samu ba, amma ba mai taɓa gidan sai an neme su. Kawu Ƙarami ya karɓi littafin hayar da hotunan wasiƙun, ya ce bayan Babbar Salla zai bi mota ta Aflao.